Wasa Ga Yaro Mai Raunin Ƙafa

Yau maganarmu a kan yaron da shan inna ta taɓa, ko wanda aka haifa da raunin ƙafa.

A 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Nijeriya, ko da yake wajibi ne a ci gaba da karɓar ɗigon rigakafi. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, a Wagini da sauran ƙauyukan Batsari da Safana. Sau da yawa iyaye kan ajiye irin wannan yaro a ɗaki, wai don tausayi. To, ku sani gaɓar da ba ta motsi sandarewa take yi. Gwiwa ta ƙage, hannu ya yi rauni, yawan zama wuri ɗaya kuma ya jawo gyambo.

Ga yadda za ku auna abin da ɗanku ya sani na wasa. Ku ba shi tsakuwa. Kowane wasa ya ambata, ko dara, ko langa, ko carafke, ko gaɗa, ko ƙwallo, ya ajiye guda. Sa'an nan ya ware na wasannin da ya yi da kansa daga Juma'ar da ta wuce zuwa yau. Ku sa ɗan'uwansa mai lafiya ya yi haka. Ku gwada tarin biyu. In na mai raunin ya kasa ƙwarai, ba ciwon kaɗai ya hana shi ba, rashin mai kiransa ne.

Maganin ba na kuɗi ba ne. Dara da carafke a zaune ake yinsu. Gaɗa tana son mai tafi da mai ba da waƙa. Ƙwallo ma akwai ta: a 1988 wani mutumin Kano, Misbahu Lawan Didi, ya ƙago wadda masu shan inna ke bugawa da hannu, suna zaune bisa katako mai taya. Kafinta na iya yin wannan katako.

Ku fito da yaro cikin 'yan'uwansa kowace yamma. A kira shi da sunansa, kada a ce gurgu. In kun ga gyambo, ko gaɓa ta soma ƙagewa, ku kawo shi ɗakin magani kada ku jinkirta. Bayan wata guda ku sake ƙirga tsakuwar.

Allah ya ba mu lafiya, amin.