Ƙibar Bayan Haihuwa Da Halin Da Matanmu Ke Ciki A Sabo

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ta gabatar a taron matan ƙungiya, a Sabon Ibadan.

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, da 'ya'yanmu masu goyo waɗanda saboda su aka shirya wannan zama, ina yi muku barka da zuwa. Ina kuma gode wa shugabanninmu da suka ba ni wannan dama. Sana'ata dai kun san ta, sayar da hatsi da wake da manja. Saboda haka na san abin da mata ke aunawa su kai gida, na kuma san abin da suke tayawa su ajiye don kuɗi bai kai ba. A kan wannan zan yi magana, in haɗa da abin da ma'aikatan lafiya ke faɗa wa mata a wurin awo.

Abin da ke damuna shi ne, za a kawo yarinya daga gida, Kano ko Katsina ko Sakkwato, siririya da ita. Haihuwar fari ta ƙara jiki. Ba ta sauke ba sai wani cikin ya shigo, ta ɗora a kan na da. Kafin ta yi 'ya'ya huɗu, ko shekara talatin da biyar ba ta cika ba, sai ka ji tana kukan gwiwa, in ta hau bene tana haki, aka je asibiti aka ce hawan jini ne ko ciwon sukari. Kuma ba matan alhazai nake nufi ba. Matan 'yan dako nake nufi, da matan masu gadi, da na masu ɗaurin goro. Wannan ciwon in ya kama mace magani ne na kullum, alhali gidan da kuɗin cefane ma sai an yi dabara.

Wasu na mamaki, wai ta yaya talaka zai yi ƙiba? To, a zo Bodija a tsaya a gani. Abin da ya fi araha shi ne abin cika ciki, wato garin kwaki, taliya, burodi, shinkafa da manja. Ƙwai da kifi da nama kuwa sun zama na marmari, balle tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya tashi, kaya suka bi shi. Mace ta karya da shayi da burodi, da rana teba, da dare taliya da manja. Jiki ya samu abin da zai tara kitse, amma bai samu abin da zai gina jini ba. Shi ya sa za ka ga mace jibgegiya, a asibiti kuma a ce ba ta da isasshen jini.

Ga kuma zama. Iyayenmu a gida suna surfe, suna daka, suna jan ruwa a rijiya. Mu nan ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda, injin niƙa yana bakin layi. Sana'armu ma a zaune take, tuyar ƙosai, fanke, awara. Mai tuya kuwa ba ta rasa ɗanɗanawa, wanda ya fashe a baki, wanda ya yi kwantai a baki. Sai ragowar yara. Uwa ta ci nata, ta share kwanon wannan, ta share na wancan, wai kada a yi almubazzaranci. Gaskiya ne zubar da abinci ba kyau. Amma ai maganinsa a zuba wa yaro kaɗan, in ya cinye a ƙara masa.

Yanzu bari in zo kan jego, kuma iyayena ku yi mini haƙuri, don na san nan ne maganar za ta yi nauyi. Kula da mai jego abu ne mai kyau, maƙwabtanmu ma suna yaba mana a kai. Amma kunun kanwa da ake ɗura mata kwano-kwano har kwana arba'in, tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka lura yana da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego, tare da tsananin zafin wanka da kwanciya a kan gado mai wuta. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Sai mace ta kumbura, a ce jego ya karɓe ta, alhali ruwa ne, ba ƙiba ba. Duk mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, a kai ta asibiti a ranar, kada a jira arba'in.

Bayan arba'in kuma, sau da yawa kwanon jego ba ya komawa yadda yake da. Ana cewa ai ci take na mutum biyu. Mai shayarwa tana buƙatar ƙari, babu shakka, amma ƙarin bai wuce kamar ɗan kwanon wake ko kofin fura da nono a yini ba. Ban ce ta zauna da yunwa ba, don yunwa ga mai goyo illa ce. Shayarwar ma tana taimaka wa jiki ya sauke, musamman in an ba jariri nono zalla wata shida, aka ci gaba tare da abinci har shekara biyu. Kuma shawarar masana ita ce a samu tazarar aƙalla shekara biyu tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin. Wannan magana ce ta mace da maigidanta, su je asibiti tare su ji bayani.

To me za a yi wanda ba ya cin ko kwabo? Na farko sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kamar cokalin shayi 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗauke da kusan cokali 9. Ku lissafa da na shayin safe, da na koko, da na zoɓo da kunun zaƙi. A 2022 gwamnati ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka, ita ma ta ga abin ya yi yawa. Sannan wannan al'ada ta kai wa mai jego katan ɗin lemon malt da madarar gwangwani wai don ƙarin jini, ba ya ƙara jini, sukari ne. Mai son yi mata alheri ya kai ƙwai ko kifi ko hanta, ita kuma ta sha maganin jinin da aka ba ta a asibiti.

Sai mai. Ni ke sayar da manja, amma ina gaya muku, ku daina tuttula shi daga kwalba. Ku auna da cokali. Za ku ga kwalbar da ke yin kwana huɗu ta kai mako, kun ga riba biyu ke nan. Gishiri ma cokalin shayi ɗaya ya ishi babba a yini, kuma ɗunƙulen da muke marmasawa uku-uku a tukunya yawancinsa gishiri ne. Ga daddawa, Yarabawa ma suna da ita, iru suke ce mata.

Allah Ya hore mana ganye a ƙasar nan, har da rani. Ewedu ɗin da ake sayarwa a kowane lungu ai lalo ne namu na gida. Ga alayyafo, ga kuɓewa, ga zogale. A rage malmalar tuwo ko teba, a yawaita miya. A dafa wake ya fi shinkafa yawa, a riƙa yin alale maimakon kullum ƙosai. Gero da dawa sun fi riƙe ciki a kan burodi da taliya. A Islamiyya ma ai an karantar da mu cewa ciki kashi uku ake yi masa, na abinci, na ruwa, da na numfashi.

Akwai wata maganar da ba zan tsallake ba. Wasu 'ya'yanmu da gangan suke neman ƙibar, don kada a ce miji ba ya ciyar da su, ko don kishiya ta fi su cika zane. Sai su sayi ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe. Da yawa a cikin irin waɗannan akwai dexamethasone, maganin da likita ke bayarwa don wasu cututtuka. In aka sha shi ba bisa ƙa'ida ba yana kumbura fuska, ya tayar da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke lokaci ɗaya, yin haka ma haɗari ne, ta je likita ya rage mata sannu a hankali. Mu kuma uwayen miji mu kama bakinmu, mu daina yi wa suruka gorin rama.

Motsa jiki kuwa, abin da ake so minti 150 ne a mako, wato rabin awa sau biyar, kuma ana iya rarraba shi minti goma-goma. Ba sai an je filin wasa ba. Raka yara makaranta da ƙafa maimakon hawa acaɓa ya isa, Ibadan ba ta rasa tudu. Wadda ba ta fita ta zagaya tsakar gida da goyonta bayan la'asar, ta ja maƙwabciyarta su yi tare. Wadda aka yi wa aiki wurin haihuwa ta fara jin ta bakin likita. Ina roƙon wakilan maza da ke nan su isar wa magidanta, su ba da izini, kuma in sun tashi cefane su tuna da ganye da wake.

Ga yadda kowacce za ta gwada kanta a gida ba tare da sikeli ba, in goyonta ya yi wata shida. Ki samu zare, ki auna tsawonki daga kai zuwa ƙafa, ki ninka shi biyu, ki zagaya shi a cikinki ɗan sama da cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne mai jawo sukari da hawan jini. Kada ki firgita ki shiga shan shayin rage ƙiba na 'yan talla. Rabin kilo a mako ya isa ga mai shayarwa. Duk ranar da kika kai yaro rigakafi ki roƙi nas ta auna miki jini da nauyi, ki rubuta a takarda ki ajiye tare da katin yaron. Wadda aka taɓa ce mata tana da sukari lokacin ciki, ta riƙa gwajin sukari ko da ta haihu lafiya.

Na zo da zare da almakashi, suna wurin sakatariya, mai so ta karɓa kafin a tashi.