Hanyar Samaru da Kuɗin Tasha: Ina Ƙaramar Hukuma Take?



An ce in yi magana a kan tsaron lafiyar jama'a bisa hanyoyinmu. To, ba zan kai ku nesa ba. Hanya guda ta ishe mu, wato wadda ta taso daga Kwangila ta bi ta Palladan da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, ta wuce gaban babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, ta nufi Shika da Funtuwa har Gusau da Sakkwato. Ga direban tirela, wannan hanyar Sakkwato ce, yana sauri. Ga mutumin Samaru kuwa, ƙofar gida ce: nan ɗalibi ke tsallakawa zuwa aji, nan yarinya ke talla, nan ake sauke buhun masara. Haɗuwar waɗannan buƙatu biyu a kan kwalta ɗaya ita ce tushen matsalarmu.

Dokar hanya ta ƙayyade gudun mota a cikin gari, kada ya wuce kilomita 50 a awa. Akwai dalili. Idan direba ya ninka gudunsa sau biyu, nisan da motar za ta ci bayan ya taka birki yakan ninku sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa yakan ƙaru sau huɗu da rabi idan gudun motar da ta buge shi ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65. Saboda haka ne taron ministocin duniya da aka yi a birnin Stockholm a 2020 ya nemi a rage gudu zuwa kilomita 30 duk inda mutane da motoci suke cuɗanya. Ku tsaya bakin kasuwar Samaru da yamma, ku gaya mini in ba irin wurin da suke nufi ke nan ba.

Yanzu, wa za mu kama? Hanyar ta Gwamnatin Tarayya ce. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988 Farfesa Wole Soyinka yana shugabanta na farko, ita ma ta Tarayya ce. 'Yan KASTLEA na jiha ne. Shi ya sa in an yi haɗari sai kansila ya ɗaga hannu ya ce shi ba ruwansa. Ni kuwa na ce da ruwansa, har da tsaki.

Samaru tana cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari. Tun gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya share ragowar tsarin En'e, aka ware musu ayyukansu, kuma Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya jera su ɗaya bayan ɗaya. A ciki akwai kafa kasuwanni da tashoshin mota, da kula da su, da tsara yadda za a tafiyar da su. Akwai gyaran titunan unguwa da magudanan ruwa da fitilun kan titi. Dokar soja ta 1998 kan haraji ma ta sa kuɗin tasha da tarar ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba a cikin rabon ƙaramar hukuma.

To, ku duba abin da ke jawo haɗari a hanyar nan. Gudu yana ciki, ba musu. Amma me ke tura mai tafiya a ƙasa tsakiyar kwalta? Motar haya ce da ta mai da gefen titi tasha, tana lodi. 'Yan acaɓa ne da masu keke napep da suka yi cincirindo a mahaɗa. Tebur ne na ɗan kasuwa da ya cinye wurin tafiya. Duhu ne bayan magariba, inda fitila ta mutu ba a gyara ba. Haka abin yake a kewayen kasuwar Sabon Gari da PZ. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba sai an jira Abuja ba.

Sa'an nan ga maganar kuɗi, wadda ba a son a taɓa. Duk motar da ta yi lodi a tasha tana biya. Direba ya sani, ɗan kamasho ya sani, fasinja ma yana biya a cikin kuɗin mota ko da bai sani ba. Tambayata ita ce: nawa ake tarawa a wata, nawa ke isa baitulmali, nawa ke komawa kan titi? Ko ma'aikacin hukuma ne ya karɓa, ko wakilin jiha, ko ƙungiyar direbobi, kuɗin jama'a ne, dole a san lissafinsa. A da ana fakewa da cewa gwamnoni suna riƙe kason ƙananan hukumomi. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye. Hukunci daban, aiwatarwa daban, na sani, amma kuɗin tasha ba daga Abuja yake zuwa ba. A nan ake karɓarsa, hannu da hannu.

Abin da nake roƙon wannan ƙungiya ba zanga-zanga ba ce. Ku rubuta wa majalisar Ƙaramar Hukumar Sabon Gari takarda, ku nemi a liƙa lissafin kuɗin tasha da na kasuwa a allon sanarwa, kowa ya karanta. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta kafa hujjar irin wannan tambaya. Ku nemi a ware wani kaso sananne don fitilu, da zanen wurin tsallakawa, da ware wa motocin haya filin lodi nesa da kwalta. Abin da ya fi ƙarfin majalisa, kamar gina tudun rage gudu a hanyar Tarayya, ita ce ya kamata ta kai kukan, da sa hannun shugabanta.

Ku kuma matasan ma'aikata da ke zaune a nan, wasunku su ne ke riƙe da littafin rasit. Ku rubuta abin da kuka karɓa daidai. Ɗalibai masu karatun tsara birane da injiniya kuwa, ku zaɓi mako guda ku ƙirga motoci da masu tsallakawa a babbar ƙofa, safe da yamma, ku haɗa lissafin da takardar.