Jujinmu da Jujin Duniya: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Reshe a Damari



An nemi in yi magana a kan shara, kuma zan fara da alƙaluma kafin in dawo gida. A shekarar 2018 Bankin Duniya ya fitar da rahoto cewa bil'adama na zubar da shara sama da tan biliyan 2 a kowace shekara, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku ana barinta yadda za ta cutar. Ƙasashe masu arziki, da ba su wuce kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya ba, su ke samar da kashi 34 na sharar, amma suna kwashe kashi 96 na abin da suka zubar. A Afirka kudu da Sahara kashi 44 kacal ake kwashewa, alhali an yi hasashen sharar yankin za ta ninka fiye da sau uku kafin 2050. Wanda ya ɗauki batun da wasa ya tuna da jujin Koshe na Addis Ababa, wanda ya zaftare a watan Maris na 2017 ya binne mutum fiye da 100.

Kashi 44 ɗin nan ma galibi rabon birane ne. Wa ya saba ganin motar shara a ƙauyukan Sabuwa, Faskari ko Ƙanƙara?

Sai dai kakanninmu ba su jira mota ba, domin a wurinsu juji dukiya ne. Toka da kashin awaki da ƙaiƙayi da sharar tsakar gida duk suna ruɓewa, rani na yi a loda wa jaki mangala a kai gona. Haka jakuna suka daɗe suna fitar da takin birnin Kano zuwa gonakin karkara, shi ya sa ake noma ƙasar shekara da shekaru ba ta gaji ba. Leda ce ta ɓata wannan tsari. Yau manomi ya kai juji gona, rabinsa ledar ruwa da baƙar leda da mataccen batir. Ba ta ruɓewa, akuya ta haɗiye ta ta rame, ta toshe magudana damina ta shigo mana da sauro da amai da gudawa. In an cinna mata wuta a bayan aji kuwa, ɗalibanmu ke shaƙar hayaƙin. Ga takin zamani ya yi tsada, ga rashin tsaro ya sa da yawa sun dogara da gonakin bakin gari, waɗanda su ne leda ta fi cikawa.

Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Dokar tana da kyau, amma a ganina ba mu da hujjar naɗe hannu har ta iso mu.

Shawarata ga reshe ita ce kowace firamare ta haƙa rami domin abin da ke ruɓewa, ta ajiye buhu domin leda da roba. Takin ramin ya tafi lambun makaranta, roba da ƙarfe a sayar wa 'yan bola-jari a sayi alli, leda kuma a tara ta nesa da aji da rijiya. Mu hana yara zuwa da ruwan sha a gorar maganin feshi, ko sau nawa aka wanke ta. Yaron da muka ga ya bar aji yana bin juji da buhu, malamin ajinsa ya taka har gida ya gana da mahaifinsa.

Ina roƙon shugaba ya sa wannan cikin ajandar taro mai zuwa, kowane hedimasta ya zo da rahoton makarantarsa.