Jawabi a Kan Ajiye Littafi Inda Hannun Yaro Zai Kai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani Kano ba baƙuwar littafi ba ce. A zamanin Sarki Yakubu Fulani suka zo daga Malle da littattafan tauhidi da lugga. A nan Nassarawa Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a 1909. Alhaji Umaru Falke ya rasu a 1962, ya bar rubuce-rubuce fiye da 3,000, suna Jami'ar Northwestern a Amurka.

To, ina namu? Suna cikin adaka a kulle, gara tana ci, yaro bai taɓa gani ba. Wanda ya iya haɗa baƙi ba shi da abin karantawa, kamar manomi ne da fartanya babu gona.

Saboda haka kowane aji a ajiye akwati guda, da Ahalari da Ishmawi, da Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, a naɗa ɗalibi mai rubuta aro. Kowane gida a keɓe alkuki, bayan magariba yaro ya karanta, uba yana saurare. In littafi ya yage, a ɗinke. Gwamma yagewar hannun yaro da cin gara.

Allah ya sa mu dace, amin. Wassalamu.