Jawabi Kan Maganin Da Ake Sawa Ƙarƙashin Harshe

Jama'a, a Suleja ta Jihar Neja, garin da a da ake kira Abuja, haka kuma a sauran garuruwan ƙasar nan, akwai mutanen da ba su rabuwa da atishawa da yoyon hanci da ƙaiƙayin ido, wasu har da fuka. Akan ɗora wa hunturu laifi. Lalle ƙurar hunturu tana tsananta ciwon, amma sau da yawa tushensa yana cikin ɗaki. Akwai wasu 'yan halittu da ido ba ya gani, masu zama cikin katifa da matashin kai, suna kuwa yaɗuwa da damina saboda laima. In mutum ya shaƙi kashinsu, ko ƙurar furen ciyawa, sai jikinsa ya ɗauki abin tamkar abokin gaba, ya tayar masa da yaƙi.

Ƙwayoyin da aka saba sha kwantar da ciwon kurum suke yi. Dabarar da ake magana a kai ita ce a saba wa jiki da abin da yake ƙi, kaɗan-kaɗan, har ya daina tayar da hankali. A shekarar 1911 Likita Leonard Noon ya soma ta da allura a Asibitin St Mary na London. A 1986 aka buga sakamakon gwajin ɗiga maganin ƙarƙashin harshe a Ingila, a 1998 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda ana iya bin wannan hanya maimakon allura. Amurka ta amince da ƙwayar ciyawa a 2014, ta halittun katifa kuwa a 2017.

Tilas likita ya fara gwada fatar majiyyaci ko jininsa don ya gane abin da jikin yake ƙi. A gabansa za a sa ƙwayar farko, a zauna rabin sa'a. Bayan wannan a gida ake sawa kullum, a bar ta ta narke, har shekara 3 ko fiye. Nan ne haƙurin mutane da yawa yake ƙarewa, wanda kuwa ya bari bayan 'yan watanni ya yi asarar kuɗinsa.

Ƙaiƙayin baki a makonnin farko ba abin tsoro ba ne, amma in maƙogwaro ya kumbura ko numfashi ya sarƙe, sai a garzaya asibiti. Ba a ba mai fuka mai tsanani wadda ba a shawo kanta ba. Kada kowa ya sayi irin wannan magani a tasha ko a kasuwa. Mutumin Suleja ya fara da Babban Asibitin garin.