Wutar da Ke Gaɓa-gaɓa Kamar Rake: Jawabi ga Malaman Kimiyya



Shekaru ke nan yaranmu suna jin rugugin jiragen yaƙi a samaniyar Zamfara, kuma duk mun san yadda aji yake yin tsit idan jirgi ya gifta. Kwanan baya wata ɗalibata ta ga hoton jirgi yana tashi da dare, ta ce, "Malam, me ya sa wutar bayansa take gaɓa-gaɓa kamar rake?" Amsarta na kawo muku.

Wasu jiragen yaƙi, irin su JF-17 guda 3 da Sojojin Saman Najeriya suka karɓa a 2021, suna da sashe a ƙarshen injin inda ake sake fesa mai cikin iska mai zafi don ƙarin ƙarfi. Super Tucano mai farfela ba shi da wannan sashe. Iskar takan fito da gudun da ya wuce na sauti, wanda yake kusan mita 340 a daƙiƙa. Idan matsinta bai kai na iskar waje ba, sai ta waje ta matse ta daga kowane gefe. Igiyoyin matsin su haɗu a tsakiya, zafi ya ƙaru nan take, ragowar mai ya kama, wurin ya haskaka. To, yanzu matsinta ya zarce na waje, sai ta buɗe, ta huce, hasken ya dushe, a sake matse ta. Haka za ta yi ta yi har ta gauraye da iskar gari. Da sunan Ernst Mach, masanin kimiyya na ƙasar Ostiriya, ake kiran waɗannan zobba.

Kada rashin ɗakin gwaji ya hana mu koyar da wannan. Da damina, ku kai yara bakin kwatar siminti mai gangara, su dubi ruwa marar zurfi yana gudu. Za su ga layuka suna giftawa juna, tsaye cak, alhali ruwan yana wucewa. Dokar kusan ɗaya ce.

Tambayar yarinyar nan ta nuna tsoro bai kashe mata son sani ba. Idan muka ce "ba ya cikin manhaja", mu ne za mu kashe shi. Allah ya dawo mana da zaman lafiya.