Wake ɗaya shi ke ɓata gari

(Jawabin da aka karanta a taron ƙungiya na bayan kaka)

Iyayenmu dattawan Gamu, malamai, da ƴan'uwa ƴan cin rani da suka taso daga Damagaram, Kano da Yamai, muna yi muku barka da zuwa.

Abin da ya tara mu yau shi ne maganar waken da muke so mu riƙa tarawa muna sayarwa da sunan ƙungiya. Wasu daga cikinmu sun ce in dai mun buga sunanmu a jikin buhu, muka tsare gaskiya, to babu ruwanmu da abin da wani ke yi. Ƴan'uwa, ba haka kasuwa take ba. Ku saurari abin da ya sami maƙwabtanmu.

A watan Yuni na 2015, Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Dalili kuwa, tun daga Janairun 2013 an kai ƙarar waken fiye da sau 50, kusan duka saboda maganin ƙwari mai suna dichlorvos, wanda da shi ake haɗa fiya-fiya. Masu ajiya ke zuba shi cikin buhu don kada ƙwaro ya huda wake. Da farko hanin na shekara 1 ne. A 2016 aka ƙara shekara 3, a 2019 aka sake ƙarawa. Ku lura, ba a ce kamfanin wane da wane aka hana ba. Ƙasa duka aka rufe wa ƙofa. Kamfanin da bai taɓa zuba guba ba, wanda ya yi shekaru yana gina sunansa, ranar nan shi ma kayansa suka tsaya tare da na masu laifi.

Kada wani ya ce Turai da nisa. Wakenmu yawancinsa kudu yake tafiya, ya bi ta kasuwannin iyaka irin su Maigatari har ya kai Dawanau a Kano. Dillalin da ke can bai san gonar kowa ba. Tambayarsa ɗaya ce: na ina ne? In aka ce na wajen Gure ne, shi ke nan. Ranar da ya kwance buhu ya ji warin magani, ba zai ce Malam wane ya cuce shi ba, cewa zai yi waken Gure ba shi da kyau. Daga nan farashi ya faɗi, mai gaskiya da macuci duk su sha tare.

Haka kuma alheri yake yaɗuwa. Ƙaramin ɗan kasuwa da ya kai albasa Abijan ko Akara, da ya ce ta Galmi ce, an saurare shi. Ba shi ya yi wannan suna ba, manoman Galmi ne suka yi shi shekara da shekaru, shi kuwa yana cin albarkacinsu.

Saboda haka muke roƙon abu uku. Na farko, kowa ya rabu da fiya-fiya a wajen ajiya. Akwai buhu mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007, tare da masu binciken INRAN na Maraɗi. In wake ya bushe sarai aka ɗaure kowane ruɓi tamau, iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. Ganga mai murfi ma tana wannan aiki.

Na biyu, a zaɓi dattawa su duba kowane buhu kafin a buga masa sunan ƙungiya, ko da na ɗan gidansu ne.

Na uku, mu kai maganar ga ƙauyukan da muke cin kasuwa tare, don sunan namu ne baki ɗaya. Ku ƴan cin rani, ku ne idanunmu: abin da kuka ji ana faɗa kan wakenmu a can, ku aiko mana, ko da ba daɗi.

Kada mu manta, waken nan ƴaƴan wasu ke ci, namu ma shi suke ci. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya kai mu baɗi lafiya. Wassalam.